Ƙafar Mota: Gyaran da Ke Sa Ta Riƙe Titi da Wanda Ke Ɓata Ta

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa kan mota da tuƙi. Yau ƙarƙashin mota za mu leƙa, mu yi zancen ƙafa: shoka da sifirin da bushin da boljoyin da sauran ƙarafan da ke tsakanin taya da gangar jikin mota. Motar da nake nufi ba ta tsere ba ce. Motar gida ce, wadda ke kai maigida wurin aiki da safe, ta sauke yara a makaranta, ta biya da uwargida kasuwa, ranar Juma'a da yamma kuma ta kama hanyar Zariya ko Katsina ko Gusau. Corolla ce, ko Camry, ko Honda, ko Golf, wadda ta riga ta ci shekara goma ko fiye a titunan Turai ko Amurka kafin ta shigo mana ta Kwatano ko Legas.

Masu irin wannan mota, idan suka je gareji da zancen ƙafa, iri biyu ne. Akwai magidancin da zai ce wa bakanike: “Malam, motar nan lilo take mini a kwana. Da na haura ɗari sai ta riƙa yawo a kan titi, idan tirela ta gifta kuwa sai in ji kamar za a ɗauke ni.” Akwai kuma matashin da ya kalli bidiyo a YouTube ko TikTok, ya ga motar da aka sauke ta har cikinta yana neman taɓa ƙasa, an sa mata manyan rim, ya ce shi ma haka yake so, don ya ji an ce irin wannan motar ce ke shan kwana ba ta girgiza. Dukkansu biyun abu ɗaya suke nema, mota ta bi umarnin sitiyari. Na farkon yawanci maganinsa na nan kusa. Na biyun kuwa, in bai yi hattara ba, kuɗinsa zai sa ya sayi matsalar da ba shi da ita a da.

Ku saurari wannan da kyau, don a kansa duk zancen yau ya ginu. Mota ba ta taɓa titi sai a wuri huɗu, kuma kowanne bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Birki da sitiyari da ƙarfin inji, duk ta waɗannan wurare huɗun suke isa ƙasa. Aikin ƙafar mota shi ne ta danne taya a kan titi kowane lokaci, ko titin sumul yake ko gargada ce. Duk daƙiƙar da taya ta yi tsalle ta rabu da ƙasa, a wannan daƙiƙar ba ka da birki a wannan ƙafar, ba ka da sitiyari. Saboda haka idan wani ya kawo maka wani ƙarfe ya ce zai sa motarka ta riƙe titi, tambayar ita ce: a kan irin titin da nake bi, wannan zai sa tayata ta ƙara zama a ƙasa, ko kuwa zai sa ta riƙa tsalle?

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Da yawa suna zaton shoka ce, amma ba ita ba ce. Idan taya ta hau tudu sifirin ya matse, idan ta faɗa rami ya miƙe. Sai dai sifirin bai san tsayawa ba. Ka danna shi ka saki, zai yi ta bilo sama da ƙasa. Shoka ce ke tsawata masa. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi, kuma wahalar da man ke sha wajen ratsa ƙofofin ita ke kashe bilon, ta mai da shi zafi. Shi ya sa idan ka yi tafiya mai nisa a kan gargada ka taɓa shoka za ka ji ta da ɗumi. Sannan akwai sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, sitabalaiza, wadda ke rage kwanciyar mota gefe guda a kwana. Bushin kuma robobi ne da ke maƙale a mahaɗar ƙarafa, suna shanye jijjiga suna riƙe kowane ƙarfe a mazauninsa.

Yawancin motocin da muke hawa, shokar gaba da sifirin ɗinta a haɗe suke wuri guda, kuma su ne ma ke riƙe da saman ƙafar. Wannan tsari na wani injiniya ne ɗan Amurka, Earle MacPherson, kuma kamfanin Ford ya fito da shi a motarsa Consul a Ingila a 1950. Na kawo wannan ne don ku gane cewa a irin wannan tsari shoka ba bilo kaɗai take hanawa ba, ƙashin ƙafar ce ɗungurungum. Idan ta lanƙwashe a rami, tsayuwar taya ta karkace ke nan.

Dattawan direbobi da ke saurarenmu za su tuna Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna a 1975. Motar nan ba ta da taurin ƙafa ko kaɗan. Laushi gare ta, ƙafarta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, tana kwanciya a kwana har fasinja ya jingina da na kusa da shi. Amma a shekarar nan ta 1975 ita ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, a kan hanyoyin laka da duwatsu na Kenya. Direbobin tasha da suka yi shekaru suna jigila da ita tsakanin Kano da Jos ko Maiduguri ba su yi kuskure ba da suka amince da ita. Tayarta ba ta rabuwa da ƙasa, shi ne sirrin. Motar tsere ta filin kwalta mai santsi ana taurara mata ƙafa don ba ta da ramin da za ta faɗa. Kai kuwa kana da shi, kowace safiya.

To, daga ina za a fara? Daga mayar da motar yadda kamfani ya ƙera ta. Mafi yawanmu ba mu taɓa jin yadda motarmu take tuƙuwa tana sabuwa ba, don mun same ta ne ƙafarta ta riga ta gaji. Mutum zai yi shekara uku yana tuƙa Corolla mai matacciyar shoka, ya ɗauka haka Corolla take. Ranar da aka sa mata lafiyayyun kaya sai ya rantse an canza masa mota. Kafin ka sayi wani abu na ƙari, a ɗaga motar a jak, bakanike ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta dama da hagu ya girgiza, kai ma kana tsaye kana kallo. Ya sa ƙarfe ya ɗan banƙare lowa'am, wato hannun ƙafa na ƙasa, a ga ko bushin ya tsage. A duba tayarod, a duba linkejin sitabalaiza, wanda shi ne yawanci ke wannan ƙwas-ƙwas ɗin idan ka hau gargada.

Masu Honda Accord, musamman ƙirar 2003 zuwa 2007, ina da magana ta musamman da ku. Gaban motar nan hannu biyu gare shi, na sama da na ƙasa, tsari mai kyau da ke sa ta daɗin tuƙi. Amma boljoyin na ƙasa yana ɗauke da nauyi sosai, kuma duk wanda ke bin titunanmu ya taɓa ganin Honda a gefen hanya ƙafarta ta fita, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Ba dare ɗaya abin ke faruwa ba. Robar da ke rufe boljoyin ce ke fara yagewa, giris ya fita, ƙura da ruwa su shiga, ya fara kuka idan ana juya sitiyari. Idan ya kai nan canza shi ake yi. Wannan dabarar ta buga shi da guduma a matse, ko a cusa masa leda a ce ya ƙara wata shida, wasa da rai ne. In a cikin gari ƙafar ta fita, ka sha kunya da kuɗin janwe. In a hanyar Kaduna ce kana kan ɗari, sai dai mu ce Allah ya kiyaye.

Yanzu shoka, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Shoka ba ta mutuwa farat ɗaya, a hankali take sanyi, shi ya sa mai mota ba ya lura. Alamominta su ne: ka taka birki gaban mota ya dunƙusa ƙasa, ka wuce tudun rage gudu motar ta ci gaba da bilo sau biyu ko uku, jikin shokar ya jiƙe da mai, ƙura ta manne, ko ka shafa taya ka ji ta ci tudu da kwari maimakon ta ci bai ɗaya. Gwajin nan na danna mota da hannu a saki yana kama shokar da ta mutu murus ne kawai. Wadda ta rage rabi za ta ci wannan jarrabawar, ta kuma ba ka kunya a kan hanya. Kamfanonin da ke ƙera shoka kan ba da shawarar a fara sa mata ido daga kilomita 80,000, a titunansu ke nan. Ka dubi agogon motarka ka yi wa kanka hisabi.

Sai babbar muhawara: sabuwa ko ta gwanjo? Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za ka ga shokoki jibge, an wanke su an goge. Bakanike da yawa zai ce maka, “Alhaji, gara ta gwanjo, ita ce orijina, sababbin nan duk jabu ne.” Ban ce ƙarya yake ba. Jabun kaya sun cika kasuwa, a cikin kwali mai kyau da sunan babban kamfani, kuma wanda ya taɓa sayen sabuwar shoka ta fashe a wata biyu yana da hujjar tsoro. Amma a lura da bambanci. Akwai kayan da ba sa tsufa da sauri, kamar ƙarfen lowa'am ko sandar sitabalaiza. Waɗannan na gwanjo ba laifi in ba su lanƙwashe ba. Shoka kuwa abin da ke cinyewa ne, kuma cinyewarta a ciki take inda ido ba ya gani. Ta gwanjo an ciro ta ne daga motar da ita ma ta yi tafiyarta ta gama. Kana iya dacewa, kana iya cire matacciya ka sa mai jinya. A ganina, wanda zai riƙe motarsa shekaru, ya nemi dila amintacce ya sayi sabuwa ta kamfanin da aka sani, irin su KYB ko Monroe ko Sachs, ya karɓi rasit, ya kuma tambayi sharaɗin mayarwa. Araha ba ta ado.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne huda shoka a ɗura mata mai a toshe. Man da ake ɗurawa ba nata ba ne, ƙofofin ciki da suka gaji suna nan yadda suke, iskar gas ɗin da ke hana man kumfa kuma ta tafi. Za ta yi tauri mako biyu ka ji daɗi, sannan ta koma gidan jiya.

Shoka biyu-biyu ake canza ta, gaba biyu ko baya biyu. Sabuwa a dama, tsohuwa a hagu, mota za ta riƙa amsa kwanar dama daban da ta hagu. Idan an kwance, a duba kan shokar na sama da boris ɗin da ke cikinsa, a duba robar da ke tare ta idan ta matse har ƙarshe, a kuma sa robar da ke rufe sandarta. Wannan ta ƙarshen ana raina ta, wasu ma jefar da ita suke yi, alhali a ƙasar da ake hunturu da ƙura wata uku ita ce ke hana yashi cinye bakin shokar. Ga wata kuma da ko bakanike mai shekaru kan manta: kusoshin bushin ba a ɗaure su tamau mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta a kan tayoyinta sannan a ƙarasa ɗaurewa. In aka ɗaure a sama, da an sauke motar robar ta murɗe ke nan, haka za ta zauna a murɗe, bayan 'yan watanni ta tsage ka ce jabu aka sayar maka.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, zancen ƙafar mota muke, da yadda za a sa motar hawa ta yau da kullum ta riƙe titi.

Mu zo kan taya. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, kuma boljoyin da tayarod lafiya suke, to taya za ka saya. Babu shokar da za ta sa tsohuwar taya mai sanƙo ta kama kwalta ranar da aka yi ruwan farko. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta na nan, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta bushewar, shi ya sa jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke yawan jan kunne kan tsofaffin tayoyi. Zurfin zane kuma idan ya sauka zuwa milimita 1.6, tayar ta gama aiki.

Iska fa? Nan ne kusan kowa ke faɗawa. Ka tsaya wurin mai faci, ba tambaya zai ɗura maka 45 ko 50, ya buga tayar da ƙarfe ya ce ta yi. Lambar da ke rubuce a jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Abin da motarka ke so yana kan wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma ga ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, motar ta riƙa tsalle tana yawo, kowane rami ya wuce kai tsaye zuwa shoka da bushin. Mutane da yawa da ke kukan motarsu ba ta zama a titi, maganinsu rage iska ne, kyauta. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan ka auna da rana tsaka bayan doguwar tafiya za ka ga ta hau, wannan daidai ne, kada ka sace ta.

Wata shawarar da ke ba mutane mamaki: idan taya biyu kawai za ka iya saya, a baya ake sa sababbin, ko da motar da gaba take ja. Dalili shi ne, idan gaba ya zame, mota miƙewa take yi, kuma da ka ɗaga ƙafa daga totur yawanci za ta dawo hanya. Idan baya ya zame, juyawa take yi da kai, kuma direbobi ƙalilan ne ke iya kamo ta.

Bayan duk wani aikin ƙafa, alaimen. Ba na ido da igiya ba in da hali, na kwamfuta, kuma ka ce a nuna maka lambobin kafin da bayan gyara. Tayoyin gaba idan bakinsu ya buɗe waje ko da kaɗan ne, mota za ta riƙa bin kowane layi na titi, ta kuma cinye gefen taya na ciki cikin ɗan lokaci. Masu Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 su sani cewa bayanta ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu, ba shi da wurin sauyawa. Idan kwamfuta ta nuna baya ya karkace sosai, ƙarfen ne ya lanƙwashe, ba aikin sifana ba ne.

To, an yi duk wannan, mota ta dawo hayyacinta, mutum kuma yana son ƙari. Me ya cancanci kuɗinsa?

Na farko a wurina shoka ce mai inganci fiye da ta kamfani, a bar sifirin yadda yake. Akwai shoka mai bututu biyu, ita ce a yawancin motoci, akwai kuma mai bututu ɗaya da gas mai ƙarfi, wadda ta fi saurin fitar da zafi, don haka ba ta sanyi idan an daɗe ana dukanta a gargada. Bilstein na Jamus suna da irin wannan da suke kira B6, an yi ta ne don motar da ba a sauke ba, KYB ma suna da tasu. Tana da tsada, kuma ba kowace mota ake samar wa ba, amma tana kama jikin mota ba tare da ta rage mata tsayi ba. Za ka ɗan ƙara jin ƙananan gargada a kujera, wannan shi ne farashinta na biyu.

Sitabalaiza mai kauri ita ma tana rage kwanciya a kwana, amma a yi hankali da ta baya. Kamfanoni da gangan suke ƙera motar gida ta zama idan an wuce ƙa'ida a kwana gabanta ne zai fara zamewa, don shi ya fi sauƙin gyarawa. Ka taurara baya da yawa, ka juya wannan lissafin. Ranar da akuya ta faɗo maka a hanya ka fizge sitiyari, ranar za ka gane abin da ka saya. Sau da yawa sababbin robobin sitabalaiza da sabon linkeji sun isa. Bushin na roba mai tauri, wanda ake kira foliyuriten, yana sa sitiyari ya ƙara kaifi, amma yana shigo da jijjiga cikin mota, kuma da ƙura ta shige shi sai ya fara ƙara. A sitabalaiza ba laifi. A duk ƙafar motar da ake kai yara makaranta, ban ga ribarsa ba.

Sauke mota kuwa, bari in faɗa ƙarara: a titunanmu gyaran gangar Auzinawa ne. Gaskiya ne idan nauyin mota ya matso ƙasa kwanciyarta a kwana na raguwa, kuma kamfanoni irin su Eibach da H&R suna ƙera sifirin da ke sauke mota da kimanin santimita 3. Amma tsakanin cikin Corolla da ƙasa kimanin santimita 15 ne kacal, ba kowa a ciki. Cire uku, zuba mutum biyar, sannan ka tunkari tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke ginawa da kansu da siminti. Salansa za ta daku, tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji za ta daku. Mafi muni, tafiyar ƙafar ta ragu, don haka a rami shoka za ta kai ƙarshe ta buga, taya ta yi sama. Ka biya kuɗi don mota ta riƙe titi, ka samu wadda ke sakin titi a daidai inda ka fi bukatarta. Masu yanke sifirin da abin yankan ƙarfe ko su gasa shi da wutar walda don ya sauka, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakken sifirin kuma yana iya tsalle ya bar mazauninsa.

Manyan rim ma haka. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15, tsayin gefenta kimanin milimita 127 ne. Ka koma rim 17 da taya 215/45, gefen ya dawo kimanin 97. Milimita talatin ɗin nan da ka rasa su ne ke shanye bakin rami kafin ya isa rim. Sitiyari zai ƙara kaifi a kwalta mai kyau, ban musa ba, motar kuma za ta yi kyau a wurin ɗaurin aure. Amma ka shirya wa kumburin taya da lanƙwasar rim. Wanda ya matsu, ya hau inci ɗaya ya tsaya.

A ɗaya gefen kuma akwai masu ɗaga mota, kuma su na fi fahimta, don hanyar ƙauye da damina ba ta san Corolla ba. Ana sa zobe a saman shoka ko ƙarƙashin sifirin mota ta ƙara tsayi. Ɗan kaɗan, kamar santimita biyu, mota za ta jure, in an yi alaimen bayan nan. Fiye da haka, nauyi ya hau sama, lilo ya ƙaru, shaf ya riƙa aiki a karkace yana cin kansa. Kafin ka sa zobe ma, ka tabbata ba sifirin ne ya gaji ya zauna ba. Tsohuwar mota da yawa da ake ɗagawa, sabon sifirin kawai take bukata ta koma tsayinta na asali. Kuma don Allah kada a sa na wata babbar mota don kawai ya shiga ramin. Sifirin da aka yi wa nauyin jif, a ƙarƙashin ƙaramar mota, tsalle zai riƙa yi da ita kuma shokarta ba za ta iya tsawata masa ba.

Akwai abu biyu da babu kayan ƙafar da za su gyara. Ɗaya lodi. Takardar nan ta jikin ƙofa tana faɗin nauyin da mota za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, kuma ga mota irin Corolla bai kai kilo 400 ba. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Ƙara buhun shinkafa mai kilo 50, ka riga ka wuce. Ballantana tafiyar Sallah, da buhun masara a but, da jarkar manja, da yara a cinya. Baya ya zauna, gaba ya yi sama, tayoyin da ke juya motar su ne suka rasa nauyi. Ɗaya kuma gudu. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: ka ninka gudu sau biyu, shi ya ninka sau huɗu. Kwanar da ka sha a kan 80, idan ka shige ta a kan 120, abin da kake nema daga tayoyinka ya haura ninki biyu. Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa motar gida kilomita 100 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, kuma sabuwar shoka ba ta ɗaga wannan lambar ba.

Ga 'yan'uwanmu makanikai da ke saurare a gareji: idan za ku kwance sifirin daga shoka, ku yi amfani da abin matse sifirin. Wannan dabarar ta ɗaure shi da waya, ko a sa yaron shago ya taka da ƙafa a kwance kusar sama, ta raunata mutane. Kuma idan mai mota ya zo da bidiyo a waya yana cewa a sauke masa mota, ku tambaye shi unguwar da yake kwana da hanyar da yake bi kafin ku ɗauki sifana.

Ku kuma masu mota, maza da mata, gobe da safe kafin ku tayar da inji, ku buɗe ƙofar direba ku karanta 'yar takardar nan, ku duƙa ku karanta shekarar tayoyinku, sannan ku biya wurin mai faci ku ce ya auna muku, ku faɗa masa lambar da kuke so da bakinku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, birki za mu shiga, mu ji dalilin da ya sa ake canza mansa ko da bai ragu ba.

(Kiɗan rufe shiri)